Numfashin Wagdi

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubutu ba. Abin da na ji ne kawai a rumfar tsofaffin faya-fayai a Alƙahira.

"Malam, akwai faifan Fanus Azrak?" in ji wata dattijuwa.

"'Yan kiɗan rok ɗin nan? Hajiya, faifai ɗaya suka yi suka watse! Waƙa minti ashirin, ba ta rawuwa," in ji mai rumfar.

"Ba waƙar nake nema ba. Ƙanena Wagdi, Allah ya ji ƙansa, yakan ja numfashi kafin ya busa musu sarewa. Shi nake so in sake ji."



"Minti na sha ɗaya," in ji mai rumfar a hankali. "Ranar da muka ɗauki waƙar, sau nawa na ce masa ya matsa daga makirufo... Yaushe ya rasu?"

Na rungume littafina, na sulale.