Igiya Mai Ƙulli Ta Mai Da Ni Gona

Salamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, ina gaishe ka tare da masu sauraro. Sunana Sani, daga Rawayau ta ƙasar Kurfi. Ni ke faɗi, malamin ajin yaƙi da jahilci ke rubuta mini.

Shekara huɗu ke nan da ciwon ido ya rufe mini gani. Yayana Audu ya karɓi gonata, ya ce, "Zauna, kada ka sare ƙafarka da fartanya." Na yi ta zama har jikina ya mutu.

Wata ranar kasuwa a Dutsin-Ma, wani malamin gona ya gaya mini akwai makarantar da ake koya wa makafi noma. Na tafi na yi wata tara. An koya mini in kafa turke biyu, in ja igiya mai ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ramin shuka guda. Da hannu nake bambanta gyaɗa da ciyawa.

Da ruwa ya sauka na roƙi gonata, Audu ya ba ni rabi, yana ɗari-ɗari. Da shuka ta fito ya zo ya duba, sai ya fashe da dariya. "Sani, layinka ya fi nawa miƙewa! Karɓi sauran, amma ka ara mini igiyar nan." Matata Hajara ta rangaɗa guɗa.

Malam, ƙanwar babana a Wurma ita ma ba ta gani, tana tambaya ko makarantar tana karɓar mata, don ajinmu duk maza ne. Wanda ya sani ya taimake mu. Ina gaida 'yan ajinmu duka, ku ji, gyaɗata ta yi 'ya'ya!