Lemun da Na Fitar Daga Tukunya

Kuɗin da na tafi Faransa da su, injin ban-ruwan Baba ne. Motopom ɗin nan ja na lambunmu na bakin gulbi, shi ya ɗora a amalanke ya kai kasuwar Maradi, ya dawo ya juye mini abin da aka ba shi daga cikin hularsa. Bai yi dogon wa'azi ba. Cewa ya yi, "Isufu, ka riƙe amanar mutane." Daga ranar ya koma ja da guga, da tsufansa. To kai Laminu, da ka ɗauko gatari kana cewa a sare lemun nan na tsakar gida a dasa mangwaro tunda ƴaƴansa ba su da ruwa, ajiye shi tukuna ka zauna. Ku ma masu mafarkin Turai, ku matso.

A Paris na sauka wata unguwa da ake kira Lagut Dor, mu muna cewa Lagudo. Wai ma'anarta ɗigon zinariya. Shekara uku na yi, ɗigon da na gani na yoyon rufi ne. Mu shida a ɗaki ɗaya, hawa na biyar, asansar ɗin da zai ɗaga mutum sama ya mutu tun kafin a haife ku. Aikina wankin kwanoni a wani resto, gidan abinci ke nan, hannuna ya yi fari fat kamar na mai jego. Amma ɗan mai lambu ba ya zama bai shuka komai ba. Na samu bokitin fenti, na zuba ƙasa, na shuka yakuwa a bakin taga. Ranar da ruwan ya ɗiga kan shanyar matar da ke ƙasa, sai ga mai gida yana haki.

"Wa ya ɗora mini gona a taga?"

"Yakuwa ce, Mushe, ta miya." Haka muke kiran mazansu, Mushe, kuma wannan dai sunan ya dace da shi.

"Nan ba daji ba ne. Ko bokiti ya sauka, ko kai ka sauka."

Bokiti ne ya sauka.

Wani Alhaji ɗan Damagaram mai sayar da atamfa shi ya samo mini aikin sharar benaye a kusa da Lyon, a wata unguwa mai suna Riliya Lafaf. Kada ku sa ni maimaitawa, har na baro ta ban iya faɗa daidai ba. Na isa can da farkon zafinsu. Wata rana ina dawowa daga aiki, na bi ta bayan wasu ƙananan gidaje, sai na ji ƙarar turmi. Turmi fa, a Faransa! Ƙafata ta ƙi gaba. Na leƙa ta kan shinge, wallahi sai da na ji hawaye. Ga gwanda, ga zogale, ga tonka, barkonon nan, ja jawur, ga ɗoɗɗoya, ga sitronel irin wanda muke sawa a shayi, ga wani farin fure mai ƙamshi kamar turaren amarya. A tsakiyarsu wata ƴar tsohuwa tana daka ɗanyar gwanda da tonka da tsamiya.

Ƴar Tailan ce, sunanta Noi, ni kuwa Inna Noi nake ce mata. Mijinta Bafaranshe ya rasu, ɗanta yana wani gari. Faransancinta a karye, nawa a gurguje, sai muka fahimci juna sarai. Na nuna zogale na faɗi sunansa, ta faɗi nasu, muka yi ta dariya. Ta ɗanɗana mini gwandar nan, kunnuwana suka yi hayaƙi. Daga nan kullum na tashi aiki sai na biya, in ɗaukar mata buhun taki, in yi mata cirar ciyawa. Duk zamana a ƙasar, nan ne kaɗai na ji ni mutum ne, ba tsintsiya ba.

Abu ɗaya ne yake ci mini rai. Komai nata a cikin tukunya yake. Ku kun san a wajenmu tukunya ta reno ce, in tsiro ya yi ƙwari sai a kai shi ƙasa. Baba da ya ga ka bar dashe ya tsufa a leda, sai ka sha mari. Ita kuwa akwai wani lemun tsami nata, ganyensa kamar biyu aka haɗa baki da baki, ƴaƴansa duk ƙuraje, shekara ashirin da shida yana cikin tukunya, tsawonsa bai wuce kafaɗata ba. Ganyen take sawa a miya. Ta gaya mini daga gidan uwarta ta zo da irinsa, kuma gidan an sayar, an sare komai an yi wajen ajiye motoci. Wannan kaɗai ya rage mata.

Na ce, "Inna, wannan ai fursuna ne. Itace ƙasa yake so."

Ta yi dariya ta ce, "Ni da shi duka haka muke."

Da zafi ya fara ja baya aka kira ta, yayarta ba lafiya a Tailan. Ta ba ni makulli ta ce, "Ruwa kawai, Isu. Sati uku, zan dawo kafin sanyi." Ruwa kawai ta ce, ku riƙe wannan.

Ni kuma sai na ce bari in yi mata abin arziki ta dawo ta gani. Na haƙa rami mai kyau a tsakiyar lambun, na samo kashin doki wajen masu kiwonsu, na tsinke ƴaƴan lemun guda huɗu kamar yadda muke yi kafin dashe don kada su tsotse uwar, na ajiye mata a kwano. Tukunyar ta ƙi sakinsa, saiwa ta nannaɗe ciki, sai na fasa ta. Na dasa shi, na yi masa kwari na zagaye, na tsaya ina kallon aikina ina jin daɗi. Sati biyu ya yi sabon toho. Na ce ka gani!

Sati uku ya zama wata biyu, yayar ta rasu, ana ta hidimarsu. Sanyi ya fara cizo. Maƙwabcinta, wani tsohon direban bis mai suna Mushe Rene, ya leƙo ta shinge.

"Ba ka shigar da tukwanen ba? Duk shekara war haka suna cikin ɗaki."

Ashe abin da ya sa suke tukunya ke nan. Na kwashe su ɗaya bayan ɗaya na kai falonta. Ya nuna lemun ya ce, "Wannan fa? Wa ya sa shi a ƙasa? Tone shi yau ɗin nan."

"Itacen da ya kama ba a tone shi, mutuwa zai yi."

"Ƙanƙara za ta kashe shi."

"Ni a lambu aka haife ni, Mushe. Kai mota ka tuƙa."

Haka na ce masa, da bakin nan nawa. Gani nake na san sanyinsu, tunda na yi hunturu uku a Paris. Na ga itatuwan bakin titi suna zubar da ganye su tsaya tsirara, in zafi ya dawo su farfaɗo, kamar yadda gawo yake yi a wajenmu. Na ɗauka kowane itace haka yake. Ban yi tunanin cewa waɗancan ƴan ƙasa ne, wannan kuwa baƙo ne irina ba. Na dai lulluɓa masa bargona, ni na kwana da kwat.

Wata safiya na zo na tarar ruwan bokiti ya zama dutse. Na ɗaga bargon. Ganyen duk ya yi baƙi ya lanƙwashe kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Amma na ci gaba da yi wa kaina ƙarya, ina cewa zai dawo. Har ruwan ɗumi na riƙa zuba masa. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Ranar da ta dawo ni na ɗauko mata jaka daga tasha. Muka isa gida. Ta shiga falo ta ga tukwane, ta ce madalla. Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta buɗe ƙofar baya. Ta daɗe a tsaye. Ta je ta kankare ɓawon da farce, sama, tsakiya, har gindi. Ko'ina ruwan ƙasa, babu kore ko kaɗan. Ta ga fasassun tukunyar a jikin shinge, ta ɗauki guda ta riƙe.

"Shekara ashirin da shida ina ɗaukarsa da bayan nan nawa, ciki da waje," ta ce. "Ruwa kawai na ce."

"Inna, alheri na nufa."

"Na sani."

Ta miƙo hannu, na sa mata makulli. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Mai gidan Paris ya zage ni, patron, mai gidan abincin da na yi wa aiki, ya zage ni, duk na kwana lafiya. Wannan "na sani" ɗin ita ta hana ni barci. Matar ta binne yayarta ta dawo ta tarar na kashe abin da ya rage mata na uwarta. Na je ƙofarta sau uku ina neman gafara, takan amsa gaisuwa ta taga, ba ta buɗewa. Na daina bi ta hanyar, don ko ƙarar turmin ba na iya ji.

Bayan wata biyu aka kira ni cewa Baba ya kwanta, takarduna kuma dama sun ƙi sabuntuwa. Na haɗa ƴan kayana. Ana gobe zan tafi, da la'asar, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ita ce, ta hau bene huɗu da sandarta. Ba ta shigo ba. Ta ba ni kwalin ashana, ciki ƙwayoyin iri bakwai, daga lemun nan huɗu da na tsinke.

"Ni ba ni da wata shekara ashirin," ta ce. "Kai ka ce ƙasa yake so. Kai shi inda ƙasa ba ta kisa."

Na ce, "Inna, kin yafe mini?"

Ta ce, "Ka ba shi ruwa." Ta juya ta sauka.

Na dawo ban kawo injin ba, ban kawo komai ba sai kwalin ashana. Baba ya duba, ya ji labarin, ya ce, "Amanar ce ka ci, ita ce kuma aka sake ba ka." Bai kai damina ba. Cikin bakwai ɗaya ne ya tsiro, shi ne wannan da ya fi katanga tsawo. Shekarar da ya fara ƴaƴa na ɗauki hotonsa na aika wa Mushe Rene ta waya, na roƙe shi ya nuna mata. Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya turo murya. Ya ce an kai ta gidan tsofaffi, ba ta gane kowa, har ɗanta. Amma ya je ya nuna mata. Wai ta ƙura wa hoton ido, ta shafa shi da yatsa, sannan ta kama hannunsa ta ce, "An shigar da shi ciki? Sanyi na zuwa."

Har yau ban ji kalmar yafiya daga bakinta ba, kuma yanzu ba zan ji ba. Gaskiyarka Laminu, ƴaƴansa ba ruwa, gwaggonka ma ta ce ganyen yana ɓata mata miya. Mayar da gatarin inda ka ɗauko shi. Ga bokiti can bakin rijiya, ciko shi ka kawo, ni zan zuba da hannuna.