Notunan da na ɗinke a siket ɗin Rifkatu

Salama gare ku 'yan'uwa, a cikin sunan Yesu mai cetonmu. Sunana Saratu, a Kusfa muke zaune, maigidana gyaran injin niƙa yake yi. Ku yi haƙuri da muryata, na kusa kashe 'yata da hannuna.

Rifkatu tana shekara tara aka gano tana da ciwon suga, aka ɗora ta a kan allura kullum. Duk wata sai mu je asibiti, a auna nauyinta da tsawonta, a duba ko sun dace da shekarunta. Kullum baya take yi. Ran nan nas ta dube ni, ga mata cike da benci, ta ce, "Maman Rifkatu, anya kina ba yarinyar nan abinci kuwa?" Ni? Ni da nake hana cikina in ba ta? Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Zuciya ta ɗebe ni. Na buɗe akwatin aikin maigidana, na kwashi manyan notuna na ƙarfe, na ɗinke su a ƙugun siket ɗinta, na rufe da doguwar riga. Na ja kunnenta na ce, "Kika faɗa wa wani, ni da ke ne."

Wata uku muna hawa sikeli da ƙarfe. Likita ya duba kati ya ce, "Madalla, ta fara cikowa, ku ci gaba da allurar yadda take." Na dawo gida ina murna. Murnar me, jama'a? Yarinya ga shan ruwa ba ƙoshi, ga fitsari ba iyaka, wuyanta kamar sillen kara!

Wata Asabar da safe ta kama amai, numfashi yana fita da ƙyar, ina kiranta ba ta amsawa. Maƙwabcinmu Malam Sani mai keke napep ya ji ihuna ya ce, "Ɗauko ta, mu tafi!"

A asibiti likita ya ɗaga katin ya ce, "Ba za ta iya tsayawa a sikeli ba. Da nauyin da ke nan zan lissafa ruwa da maganin da za a sa mata. Na makon jiya ne, ko?"

Na fita baranda na zube a ƙasa. Na ce, "Yesu, ni ce mai laifi, ba ita ba. Kada ta mutu saboda kunyata. Buɗe mini baki!"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na koma na faɗi komai, a gaban nas ɗin nan, a gaban maigidana da ya biyo mu. Likita ya ce, "Subhanallahi! Baiwar Allah!" Nan take nas ta rungumi Rifkatu suka hau sikeli tare, aka cire nauyin nas.

Sai rana ta uku ta buɗe ido. Ta kama hannuna, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Mama, ban faɗa wa kowa ba."

Wayyo ni! Na yi kukan da ban taɓa yi ba.

An gyara mata allura. Har yanzu ba ta kai nauyin da ake so ba, ku taya mu addu'a. Amma tana raye, na gode wa Ubangiji! Iyaye, in awo ya fito da muni, ku bar likita ya gani haka, ku dogara ga Yesu. Amin.