Gahawar Rosmawati

A layin ganin likitan zuciya a Ipoh, wani dattijo ya nuna wa matar da ke bayansa agogon hannunsa.

"Hajiya, duba abin da ɗana ya saya mini. Kullum da safe sai ya nuna bugun zuciyata ya haura ɗari da goma. Gahawar da nake sha a rumfar Rosmawati ce za ta kashe ni."

"To ka koma shayi mana."

"Na koma. Bai sauka ba."

"Sai ka canza rumfa."

"Haba! Bazawara ce fa, in bar ta ba ciniki?"

"Ranar da ba ta fito ba fa?"

"Ran Talata ƙanenta ke sayarwa. Saba'in cif, lafiya lau."

Matar ta gyara mayafinta.

"Alhaji, matsa in shiga gabanka. Ni ciwon gaske ya kawo ni."