A Bar Darbejiyar Ƙofar Gidana

Mai girma shugaban taro, Alhaji Nafi'u, iyayenmu masu unguwanni, malamanmu masu daraja, 'yan kwamitin gyaran tarbiyya, iyaye mata, jama'ar Gwiwa baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ni ne Haladu wanzami, kuma ina godiya da aka ba ni dama in yi magana kafin gatari ya riga ni.

Jama'a, kwamiti ya yi wata uku yana binciken abin da finafinan Indiya suka yi wa garinmu, ya gano cewa duk waƙar da ke cikinsu a gindin bishiya ake yin ta, ana zagaye ana leƙen juna. Saboda haka ya yanke a sare darbejiyar ƙofar gidana ranar Asabar.

Na farko, ban musa cewa Indiya ta canza mu ba. Da idona na ga Mamuda, budurwa ta ƙi shi da rani, ya riƙe kukansa wata huɗu yana jiran ruwan sama don ya yi shi a ciki irin na fim. Da kunnena na ji Hamma, shanunsa sun cinye wake, yana ce wa mai gona, "Baba, a Indiya ko a titi saniya ta kwanta, mota ce ke kauce mata." To, don Allah, wanne daga ciki bishiyata ta koyar?

Na biyu, sakataren kwamiti ya ce asalin darbejiya daga Indiya aka kawo ta. Na yarda. Amma shekararta ashirin da shida a Gwiwa, ban taɓa jin ta rera waƙa ba, ban taɓa ganin ta sauya kaya sau bakwai a wuni ɗaya ba.

Na uku, shaidar kwamiti ita ce an ga wani yana zagaya ta bayan la'asar yana gunguni. Ni ne. Matata Mairo ce ta dasa ta shekarar da ta tare, ta rene ta da ruwan wanke-wanke. Bara Mairo ta rasu. Addu'a nake yi mata, kuma kewarta nake, ba na kunyar faɗa. In zagayen ne laifin, ni za a hana, ba bishiyar ba. Na yi alkawari a gabanku, daga yau a zaune zan yi kewarta.

Allah ya ƙara wa shugabanninmu basira, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.