Minsharin da na ɓoye wa likita

Salama gare ku, ƴan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Kun san ni, shekara talatin ina koyarwa a nan Ƙaura, kuma kun san halina: ba na son a gyara mini magana. Wannan halin ne ya kusa kashe ni.

Bara gwiwata ta dama ta ƙi, ko durƙuso don addu'a ba na iyawa. Aka tura ni wani asibiti a Kano a sa mini ta ƙarfe. Matata Rifkatu da babban ɗanmu suka raka ni.

Ana gobe aiki, likitan da ke sa barci ya zo da tambayoyi. Ya ce, "Baba, kana minshari? Numfashinka yana tsayawa in kana barci?"

A gaban ɗana! Na ɗaure fuska na ce, "Ni? Ko kusa." Ya dubi Rifkatu, ta sunkuyar da kai. Ina za ta ƙaryata mijinta a gaban yaro?

Da yamma na hau addu'a, ina cewa, "Ya Uba, ka fid da ni lafiya." Sai na katse addu'ar. Ina roƙon Allah na gaskiya da bakin da ya gama ƙarya? Na ji kunya ƙwarai. Na ce, "Ubangiji, ka gafarta mini girman kai." Na sa aka kirawo likitan.

Da likitan ya zo, na ce masa, "Ɗana, ƙarya na yi maka. Ka tambayi matata."

Rifkatu ta ce, "Likita, Malam yakan ɗauke numfashi har in zaci ya tahi. Sai na zungure shi yake jawo shi. Shekara goma sha biyu ke nan ban yi barci mai nauyi ba."

Na ce, "Haba, Rifkatu! Mi ya hana ki hwaɗa mini?"

Ta ce, "Na faɗa sau ɗaya, Malam. Ka ce sharri ne."

Na kasa ɗaga ido.

Likita ya bayyana mana cewa ciwo ne, maƙogwaro ke toshewa cikin barci, kuma maganin kashe zafi mai ƙarfi da ake bayarwa bayan tiyata yana iya sa mai irin ciwon ya kasa farkawa ya ja numfashi. Suka canza mini magani, bayan aikin suka kwantar da ni kusa da ma'aikatan jinya, da na'urar auna iskar jini a yatsana.

Washegarin aiki, da rana tsaka, barci ya ɗauke ni. Rifkatu ta fita sayo abinci. Numfashina ya tsaya, na'urar ta yi ƙara, suka rugo suka sa mini iska. Da a ɗakin gama-gari nake da waccan ƙaryar tawa, wa zai zungure ni?

Yau da ƙafata na zo, ban riƙe sanda ba. Da dare ina sa na'urar da ke hura mini iska a hanci. Halleluya!

Ƴan'uwa, ku dogara ga Ubangiji, kuma ku gaya wa likita gaskiya, ko da kunya. Na gode wa Allah da ya bar ni da rai har na nemi gafarar matata. Ku taya ni godiya: Rifkatu tana barci yanzu.