Birkin da na rantse zan cire

'Yan'uwa, na gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Ceto. Sunana Ishaya, ɗan kabu-kabu ne ni, kuma yau ba zan yi wa kowa kara ba, har ni kaina.

Shekara shida ina tuƙa babur babu birkin gaba. Da hannuna na kwance wayar birkin, domin a tasharmu kowa cewa yake birkin hannu ne ke kifar da mutum. Maƙwabcina Baba Audu, tsohon soja da ya yi aikin babur a bariki, kullum sai ya yi mini magana. Na tsani tsohon nan kamar ciwon haƙori.

Wata Lahadi muna sujada a coci, ya shiga gidana ya ɗaura wa babur ɗina sabuwar waya. Na zage shi tas a gaban mutane. Ya ce, "Wanga taurin kai naka, kan matarka zai ƙare. Saki totur, matsa na hannu sannu kana ƙarawa, ka haɗa da na ƙafa. Kada ka damƙe shi gaba ɗaya." Na rantse zan cire wayar. Ƙiwuya ce kawai ta hana ni.

Bayan sati biyu na ɗauko Rifkatu, matata, da cikin wata bakwai, muka kama hanyar Ribah. Muna saukowa gangara, a kan kwana, sai ga shanu sun cika hanya. Na take birkin ƙafa yadda na saba. Tayar baya ta kulle, muka fara zamewa. Rifkatu ta ƙanƙame ni.

Na ce, "Yesu, ka cece mu!"

Kun san da muryar wa Ubangiji ya amsa? Muryar tsohon da na zaga. Na ɗan sassauta ƙafa, na matsa na hannu sannu sannu. Babur ya tsaya, ƙahon wani bijimi na gaban gwiwata.

Na je na durƙusa wa Baba Audu. Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Don matarka aka bar ka."

Ku 'yan tasha da ke zaune a baya kuna murmushi, na ga baburanku a waje. Wayoyin birkinku na reto, kuna ɗaukar matan mutane. Ku ji kunya. Ku dogara ga Ubangiji, ku daina gwada shi.

Na gode wa Allah. Ga Rifkatu can, ga 'yarmu a bayanta.